A dawo da tallafin mai, ko a bar wa kasuwa farashi? Abin da mai ƙuri'a zai auna kafin 2027

Duk ɗan takarar da zai hau dandamali a Kano, Katsina ko Sakkwato kafin zaɓen 2027 ya san alkawarin da zai fi jawo masa tafi: zan sauko da farashin mai. Wani zai faɗe shi kai tsaye, ya ce zai dawo da tallafi. Wani zai ce cirewar daidai ne, haƙuri kawai ya rage. Na uku zai ce a bar farashi a hannun kasuwa, amma a miƙa wa jama'a kuɗin da aka tsimi. Hanyoyi uku ke nan, kuma kowacce an taɓa gwada ta, a nan ko a wata ƙasa, saboda haka akwai abin da za a ɗora a sikeli ban da daɗin baki.

Tallafin nan ba kuɗi ba ne da ake ba wa mai saye a hannu. Kafin a cire shi a 2023, gwamnati ce ke yanka farashin lita ƙasa da abin da aka kashe wajen sayo ta da kawo ta, sannan ta biya gibin daga dukiyar ƙasa. Da yake matatun Fatakwal, Warri da Kaduna, waɗanda a takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, sun shafe shekaru ba sa aikin kirki, kusan duk fetur ɗin a lokacin daga waje ake shigo da shi da dala. Don haka in ɗanyen mai ya yi tsada a duniya, ko naira ta faɗi, gibin sai ya ƙara faɗi, ba tare da majalisa ta zauna ta amince da ƙarin ba.

Masu son a dawo da shi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Masana da ke zaune a Abuja sukan yi magana kamar fetur na masu mota ne kaɗai. A Arewa ba haka abin yake ba. Da fetur mai noman rani a Kura, Kadawa ko fadamar Haɗeja ke tayar da injin ban ruwa. Da shi mai aski, mai walda da mai cajin waya ke kunna janareta, tunda wutar ba ta zuwa. Da shi ɗan acaɓa ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, da shi A Daidaita Sahu ke kai yara makaranta. In lita ta tashi, kuɗin ɗauko buhun masara daga Dawanau ya tashi, kwanon awo ya bi shi. Akwai kuma hujja ta biyu wadda na fi ganin nauyinta: a duk abin da gwamnatin Najeriya ke cewa tana yi wa talaka, mai mai araha ne kaɗai yake samu ba tare da ya san kowa ba. Ba ya buƙatar takardar kansila, ba ya buƙatar katin jam'iyya. Wanda ya ga yadda ake rabon taki da shinkafar tallafi yana da dalilin da zai ce a bar masa wanda ya riga ya gani a ƙasa.

Sai dai a duba kuɗin. A 2022 kaɗai, bisa lissafin kamfanin NNPC da kansa, tallafin ya ci kusan naira tiriliyan 4.4. Wannan ya fi abin da gwamnatin tarayya ta ware wa ilimi da lafiya a haɗe a shekarar. Kasafin 2023 ya tanadi tiriliyan 3.36 na wata shida kacal. A 2022 ɗin, shekarar da yaƙin Yukren ya kai gangar ɗanyen mai sama da dala 100, sauran ƙasashe masu arzikin mai suna tara rara, mu kuwa NNPC ya yi watanni bai zuba ko sisi a asusun tarayya ba, domin yana cire kuɗin tallafi tun daga tushe. Gwamnati ta cike gibin da bashi, har da cin bashi daga Babban Banki, wanda ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin majalisa ta mayar da shi bashi na dogon zango a 2023. Bashin Babban Banki kuwa buga kuɗi ne da wani suna, kuma buga kuɗi shi ke rage wa nairar da ke aljihun talaka daraja. Abin da aka rage masa a gidan mai, an karɓe wani sashe nasa a wajen mai awo.

A raba tiriliyan 4.4 ga 'yan Najeriya sama da miliyan 200, kowane mutum zai tashi da kimanin naira 20,000 a shekarar. Gidan mutum bakwai, naira 140,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. To, wa ya samu rabonsa? Tallafin a kan lita yake, ba a kan mutum ba. Alhajin da ke da mota uku da babban janareta yana kwasar rabon gidaje da yawa kowane wata. Matar da ke wani ƙauye a Zamfara, wadda take shiga mota sau ɗaya a mako ranar kasuwa, ɗan abin da ya ɗiga mata ta hanyar kuɗin mota ne nata. Legas, inda motoci suka taru, ita ce ta fi shan man. Ɗan Arewa da ke kare tallafi ya kamata ya san cewa yana kare tsarin da yankinsa, mai yawan jama'a da ƙarancin motoci, ke samun kaso mafi ƙanƙanta a cikinsa in aka auna da yawan mutane.

Wani kason ma ba a Najeriya aka sha shi ba. Mutanen Jibiya, Illela, Maigatari da Kamba ba sa buƙatar a ba su labarin jarkokin da ke tsallakawa Maraɗi, Ƙonni da sauran garuruwan Nijar. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba, mazauna garuruwan iyaka ne suka koma sayen mai da tsada, jami'an kan hanya kuma suka samu sabuwar kafa. Abin da dokar ta kasa yi, farashi ya yi shi cikin wata guda: bayan cire tallafi, alƙaluman hukumar kula da harkar mai sun nuna abin da ake cewa ƙasar na sha a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da 50. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ji a jikinsu. A Maris na 2025 layin mai ya cika Yamai da sauran birane, domin matatar Soraz ta Damagaram, mai ganga 20,000 a rana, ba ta iya ɗaukar nauyin kasuwar da man Najeriya ke cike wa a da.

Sannan akwai satar da ake yi da biro. Bayan zanga-zangar Janairun 2012, lokacin da Shugaba Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141 kafin ya sauko da ita 97, kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Faruk Lawan ya gano cewa an kashe sama da naira tiriliyan 2.5 a tallafi a 2011, alhali kasafi ya ware biliyan 245. An biya kamfanoni kuɗin man da ba su kawo ba. Shugaban kwamitin da kansa ya ƙare a gidan yari kan karɓar cin hanci a kan wannan binciken. Masu goyon bayan tallafi sukan ce, to a kama ɓarayin mana, a bar tallafin. Magana ce mai ma'ana a ji, amma gwamnatoci na soja da na farar hula, har da wadda aka zaɓa musamman don yaƙi da rashawa, duk sun gaza. Matuƙar kaya ɗaya yana da farashi biyu, ribar da ke tsakaninsu ta isa ta saye mai gadi da wanda ya ɗauke shi aiki.

Kuma mu tuna gaskiyar abin da muka riƙa saye. Farashin hukuma na gidajen man NNPC ne da manyan birane. A farkon 2023, lokacin da takarda ke cewa naira 185, direba a garuruwan Arewa da dama ko dai ya kwana a layi, ko ya je wajen 'yan bumburutu ya biya kusan ninki biyu. Wannan shi ne abin da masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara suka daɗe suna faɗa: in hukuma ta danne farashi ƙasa da ƙimar kaya, kayan ɓuya yake yi, sai a biya ragowar da lokaci, da alfarma, da cin hanci.

Wasu na ɗaukar wannan ra'ayi a matsayin kayan Bankin Duniya da asusun IMF, musamman waɗanda suka sha wahalar tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a zamanin Babangida. Amma maganar ta girmi waɗannan hukumomi. Hadisin Anas sananne ne: kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka musu farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne Mai sanya farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu wanda ke bin sa haƙƙi na jini ko na dukiya. Haka kuma shari'a ta haramta ɓoye kaya don su yi tsada, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya sun halatta wa hukuma ta sa baki idan 'yan kasuwa sun haɗa kai sun danne mutane. Wato asali a bar kasuwa, amma da sharaɗin kasuwar ta zama ta kowa. Wannan sharaɗin ne zai kai mu ga hanya ta biyu.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. A yi adalci, manyan abokan takararsa, Atiku Abubakar da Peter Obi, su ma sun yi alkawarin cire shi, kuma dokar masana'antar mai ta 2021 ta riga ta share hanya. Cikin kwana biyu lita ta haura naira 500 a Arewa, a Yuli ta kai 617, a Oktoban 2024 ta wuce 1,000 a Abuja. Mako biyu bayan rantsuwar aka sakar wa kasuwa darajar naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. An haɗa wa mutane duka biyu a lokaci guda, ba tare da an shirya komai a ƙasa ba. Sai a Yulin 2024, bayan fiye da shekara, aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, shi ma na masu albashi ne, su kuwa 'yan tsiraru ne a cikinmu. Zanga-zangar Agustan 2024, wadda ta fi zafi a Kano, Kaduna da sauran biranen Arewa, yunwa ce ta fito da ita.

Arewa ta yi wata asarar ta daban da ba a cika ambata ba. Tun 1975 akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, don a sayar da lita kuɗi ɗaya a Legas da Maiduguri. Da aka saki farashi, wannan ya kau. Yanzu mai nisa da teku shi ke biyan kuɗin tanka. A ranar farko ma an ga haka: Legas 488, Maiduguri 557.

Ina kuɗin ya tafi? Mafi yawansa cikin rabon wata-wata na gwamnatin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi. Abin da aka raba daga asusun tarayya ya tashi daga kusan naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da 15 a 2024. Gaskiya ne faɗuwar naira ta cinye wani ɓangare na ƙimar ƙarin, kuma gaskiya ne jihohin da a da ba sa iya biyan albashi sun samu sa'ida. Amma ga abin da ke damuna. An cire kuɗi daga hannun ɓarayin tallafi, an miƙa wa gwamnoni, ba tare da wata doka da ta ce ga abin da za a yi da shi ba. Wasu sun gina gadar sama a babban birni, asibitin karkara kuma yana nan babu magani. Wanda ya yarda da kasuwa saboda bai yarda ɗan siyasa ya iya kashe kuɗin wani ba, ba zai kira wannan nasara ba. Gwamnati ba ta rage kashe kuɗi ba. Aljihun da kuɗin ke faɗawa ne ya canza.

Kasuwar ma ba a sake ta da gaske ba. Har zuwa 2024 NNPC ne kusan shi kaɗai ke shigo da fetur, yana sayarwa ƙasa da farashin sayowa yana kiran abin giɓi, har bashin da dillalan waje ke bin sa ya kai kusan dala biliyan 6. Tallafi ne ya dawo ta bayan gida. Matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma abin alfahari ce, ta rage dogaro da waje, an ma ga lokutan da gasa tsakaninta da masu shigo da mai ta sauko da farashi. Amma wannan saukin daga gasar ya fito. A ƙarshen 2025 an amince da harajin kashi 15 cikin ɗari a kan man da ake shigowa da shi, sai aka dakatar bayan ƙorafi. Da ya tabbata, da an rufe ƙofar gasa, an bar mai saye da mai sayarwa guda. Kamfani ɗaya da ya mamaye kasuwa, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, ɗan gida ne ko baƙo, shi ne ainihin yanayin da malamai suka ce hukuma ta sa ido.

Hanya ta uku tana cewa: a bar lita ta sayu a ƙimarta, a ɗauki kuɗin a mayar wa mutane. Masanin tattalin arziki na Amurka Milton Friedman, wanda ba wanda ya kai shi suna wajen kare kasuwa, bai ce a bar talaka ya mutu ba. Cewa ya yi in za a taimaka masa, a ba shi kuɗi, kada a taɓa farashi, domin shi ya fi sanin ko magani yake buƙata ko taki. Indonesiya ta yi haka a 2005, ta ɗaga farashin mai sosai, ta raba kuɗi ga miliyoyin gidaje marasa ƙarfi. Iran ta fi kowa tsari wajen farawa: a ƙarshen 2010 ta zuba kuɗi a asusun bankin kusan kowane gida, mutane suna ganin kuɗinsu kafin a taɓa farashi. Daga baya hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin, wanda darasi ne shi ma: adadin da ba ya tafiya da tsadar kaya, bayan shekara uku sunansa kawai zai rage.

Namu gwajin abin takaici ne. An yi alkawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. A Yulin 2023 gwamnoni da kansu suka ce ba su yarda da rajistar marasa galihu da aka gada ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin karkatar da kuɗi, shirin ya tsaya cik na wani lokaci. Sannan ga matsalar da ta fi shafar mu: binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kusan rabin manya a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da banki ko wata kafar kuɗi. In aka ce sai mai asusu da lambar NIN, waɗanda suka fi buƙata su za a fara tsallakewa. Amma wannan aiki ne mai iyaka, ana iya gama shi. Ƙasar da ta yi wa sama da mutum miliyan 90 rajistar zaɓe, ta kai masu na'urar POS kusan kowace kasuwar ƙauye, za ta iya buɗe wa kowace uwa asusu. Ni a ganina ma gara a ba kowa daidai wa daida, a daina tantance wane ne talaka, domin a wajen tantancewar ne kansila da ɗan jam'iyya ke shigowa. Mai kuɗi ya karɓi nasa kason ba komai, ai abin da yake kwasa a gidan mai a da ya ninka shi sau da yawa.

Wasu dattawa za su ce ga wata hanyar da ta fi: a yi irin PTF. A 1994 Abaca ya ɗaga lita daga naira 3.25 zuwa 11, ya zuba rarar a asusu na musamman ƙarƙashin Janar Buhari, kuma har yau ana tuna tituna da magungunan asibiti masu tambarin asusun. Abin da ya sa mutane suka haƙura shi ne sun ga inda kuɗin ya shiga. Sai dai asusun ya dogara ne ga mutum ɗaya da ikon soja, ba majalisar da ke bincikarsa, kuma bayan an rushe shi a 1999 an yi ta zarge-zarge kan kwangiloli. Da Jonathan ya kwaikwayi tsarin da SURE-P a 2012, sai ya zama wata kafar rabon 'yan siyasa. Tsakanin asusun ayyuka da kuɗi a hannu, na fi amincewa da na biyu, saboda dalili ɗaya: in kwangilar titi ta ninka kuɗinta ba wanda zai sani a ƙauye, amma in kuɗin wata bai shigo waya ba, gidaje miliyoyi za su sani a ranar.

Wa ya kamata ya zaɓi me? In kana da motoci, ko harkarka na shan fetur da yawa, dawo da tallafi zai yi maka daɗi na ɗan lokaci, har layi ya dawo, kuma ka sani da naira a inda take yanzu kuɗinsa zai ninka na 2022. In ma'aikacin jiha ne kai, tsarin yanzu ya sa albashinka na zuwa, amma ba ya kai ka ƙarshen wata. In kana cikin mafi yawan mutanen Arewa, manomi, ɗan tireda, mai sana'ar hannu, uwar marayu, lissafi yana tare da hanya ta uku, ko da kuɗin mota bai sauko ba. Manomin rani da ke ƙona fetur kullum shi ne zai iya cewa kason bai ishe shi ba, kuma da gaskiyarsa. Nasa maganin shi ne a cire haraji da wahalar kwastan a kan injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda manoma da yawa suka riga suka fara komawa kansa da kuɗinsu.

Ni ƙuri'ata ba za ta je ga mai alkawarin dawo da tallafi ba, ba kuma za ta je ga mai cewa a ci gaba da haƙuri kawai ba. Wanda ya ce zai mayar wa jama'a kuɗin, zan so in ji adadin da kowane gida zai samu a wata, da ko zai sa shi a doka yadda zai riƙa tashi tare da tsadar kaya, da ko zai fara biya kafin ya taɓa wani farashi, na wuta ne ko na wani abu. Zan so in ji ko zai bar duk mai lasisi ya shigo da mai ya yi gasa da matatun gida. Gwamna da ɗan majalisar jiha kuma tambayarsu ta fi sauƙi, tunda ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga suna wallafa abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta karɓa duk wata: nawa ya shigo a Mayun 2023, nawa ke shigowa yanzu, kuma a wace mazaɓa aka kashe bambancin.